Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ciyamomi takwas na cikin birnin Kano: mun yashe kwata, wa zai kwashe?

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranku ya daɗe masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, haɗe da kansilolinku baki ɗaya. Barkanku da aiki, ya fama da jama'a? Allah ya yi riƙo da hannayenku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke wuyanku.

Ni dai tela ne, shagona yana bakin lungu, kwata ce ta ratsa ta ƙarƙashin dandamalin da nake ɗora kekena idan babu wuta, don haka duk abin da kwatar nan ta haɗiya ni nake fara jin warinsa kafin kowa. Kuma ni ne ma'ajin ƙungiyar aikin gayya ta unguwarmu, ma'ajin da ba ya ajiye komai sai littafi da shebur guda huɗu da manjagara biyu. Da bakin 'yan ƙungiyar nan nake magana, da iyayenmu mata da ruwan kwata ke shigar musu tsakar gida, da mai shayi da mai ƙosai da suke sana'a a gefen bola ba don suna so ba. Da gangan na ƙi saka sunan unguwarmu, kar a ce wani ciyaman ɗaya na nufa ko wani ne ya turo ni. Abin da zan faɗa idan kuka shiga Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi ko Sheka ko Gama ko Tudun Murtala ko lungunan cikin badala za ku tarar da irinsa, sai dai wani wuri ya fi wani.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne abin da ya same mu a tsaftar ƙarshen watan da ya wuce. Kun san yadda ake yi, Asabar ɗin ƙarshen wata daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe ba shiga ba fita. To mu tun daren Juma'a muka bi gida gida muka karɓi abin da ya sawwaƙa, wani ya ba da ɗari biyu wani ɗari biyar, wata tsohuwa ta ce ita ba ta da kuɗi amma za ta dama mana kunu, kuma ta dama. Ana idar da asuba matasa suka naɗe wando suka faɗa kwata. Yallaɓai sai kun ga abin da ya fito. Ledar fiya wata ita ce sarauniya, sai baƙar leda, sai pampas ɗin yara da ya sha ruwa ya kumbura kamar burodi, robar lemo, robar tekawe, tsohuwar katifa guda sukutum, takalma ƙafa ɗai-ɗai, har da mushen ɗan akuya. Wani yaronmu kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa sai da muka kai shi kyamis aka ɗinke, daga kuɗin da muka tara aka biya. Kafin 10 mun tsibe dattin nan gida uku a bakin hanya, ɗaya daf da masallaci don nan ne kawai mota za ta iya tsayawa, ruwan kwata ya kama gudu har ana jin ƙararsa, kowa na murna.

Shi ke nan. Mota ba ta zo ba.

Kwana biyu, kwana biyar, mako guda. Na je ofishin da aka ce min nan ne, aka ce mai sa hannu ba ya nan. Na koma aka ce ai wannan ba huruminsu ba ne in tafi wani ofishin, can kuma aka ce mota tana gareji, wanda ya ji tausayina ya ja ni gefe ya ce in har muna so a yi da wuri mu haɗa kuɗin mai. Mu da muka haɗa kuɗin ɗinkin ƙafa da ƙyar. Kafin nan kuwa mutane sun ga tsibi a bakin hanya sun ɗauka sabon juji aka buɗe, duk mai shara da daddare sai ya zo ya juye a kai, awaki da kaji suna tonawa, masu adaidaita suna bi ta gefe suna taka shi, rana ta busar da shi iska tana kwasowa tana watsa mana a shago, farar shaddar wani kwastoma sai da na sake wanke ta da kuɗina. A kwana na sha tara abin da muka fitar da hannunmu kusan rabinsa ya koma cikin kwatar da muka fitar da shi. Tufka da warwara ke nan. Yanzu ku gaya min da wane baki zan sake cewa matasan nan su fito wata mai zuwa?

Wannan shi ne kukanmu na farko kuma shi ne babba. Ba shara ce ta gagari mutanen Kano ba, kwashewa ce babu. An hana mutane fita awa uku, an rufe shaguna, kotun tafi-da-gidanka tana cin tarar wanda ya fito, amma ɓangaren da ya rage na hukuma, wato a turo tifa a ɗebe abin da aka tara, shi ne ake bari sai yadda hali ya yi. Idan talaka ya saɓa ana da tara, idan hukuma ta saɓa sai a ce a yi haƙuri.

Na biyu, ba mu da wurin zubawa. Da muna yara akwai fili a bayan makarantar firamare, kowa ya san nan ne jujin unguwa, ba kyau ne da shi ba amma dai an san shi, mota ma ta san shi. Wata rana aka wayi gari an kewaye shi da kwano, yau shaguna ne a jere. Ban san wa ya sayar ba, ban san wa ya saya ba, kuma ba shi ya dame ni ba, abin da ya dame ni ba a ce mana ga madadinsa ba. Gida kuwa ba ya daina fitar da shara don an sayar da juji. Uwargida za ta miƙa wa almajiri bokiti da 'yan canji ta ce je ka zubar, yaron nan ɗan shekara tara ina zai kai? Zai duba hagu ya duba dama ya juye a kwata ko kangon wani ko jikin katangar maƙabarta ya dawo a ba shi ɗumame. Masu baro da ake biya su kwashe su ma haka, sai dai su nasu ya fi yawa. Wasu kuma sai su cinna wa bola wuta da magariba, hayaƙin leda ya cika lungu, mai asma ya kwana zaune, jarirai suna ta tari, lokacin hunturu abin ya haɗu da hazo ba ka ko ganin gabanka.

Haka aka yi da kududdufai. Iyayenmu sun haƙi ƙasa sun yi gini, ramukan suka zama wurin da ruwan sama yake taruwa idan an yi mamako. Aka bi su ana cikewa da shara, idan sun cika a yanka filoti a yi gini. To ruwan da yake zuwa nan ɗin an ce masa ya daina zuwa ne? Yana nan zuwa, sai dai yanzu ɗakin mutane yake shiga.

Na uku, kuma a nan ina roƙon ku yi min uzuri don zan faɗa yadda yake. Ana share Kano, ba mu ce ba a yi ba. Duk wanda ya bi titin gidan gwamnati ko Ahmadu Bello ko hanyar filin jirgi da sassafe zai ga bayin Allah nan mata da maza da rigunansu masu ƙyalli suna ta shara, Allah ya saka musu, aiki ne mai haɗari ga motoci suna wucewa da gudu. Amma fa inda manya ke bi da inda baƙi ke gani nan ake sharewa. Ka sauka daga kwalta ka yi taku hamsin cikin lungu sai ka rantse wani garin ka shiga. Kitso ake yi da ƙwarƙwata. Kuma mafi yawan mutanen da suka yi layi suka zaɓe ku a ranar 26 ga Oktoban 2024 ba a bakin kwalta suke kwana ba, a lungun nan suke, inda babbar mota ba ta shiga, inda idan an yi rasuwa sai an ɗaga makara sama an tsallake kwata.

Na san amsar da za ku ba ni don na sha jin ta: ai shara aikin gwamnatin jiha ne, akwai REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha. Gaskiya ne akwai ta, kuma manyan tituna da manyan bololi ita ke fama da su. Amma ranku ya daɗe wani lauya da nake yi wa ɗinki ya buɗe min kundin tsarin mulki na 1999 a wayarsa ya nuna min jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, kwashe shara yana ciki ƙarara, da banɗakunan jama'a, da magudanan ruwa, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Ba alfarma ba ce, aikinku ne a rubuce. Hukuma guda ɗaya ta jiha ba za ta iya sanin kowane lungu na ƙananan hukumomi takwas ba, amma kansila ya sani, mai unguwa ya sani, don nan suke kwana. Kuma mun ga abin da ya faru lokacin da aka jingina komai a wuri ɗaya, a 2021 gwamnatin jiha ta miƙa kwashe shara ga wani kamfani, garin nan ya cika da bola har tsakiyar titi, a 2022 aka soke yarjejeniyar. A tsakanin nan da ƙananan hukumomi suna da nasu tsarin ko yaya yake da abin bai kai haka ba.

Sannan ga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mun san aiwatar da shi ya zo da ja-in-ja, mu ba 'yan siyasa ba ne ba za mu shiga wannan ba. Amma ko nawa ne yake shigowa hannunku muna da haƙƙin mu san nawa aka ware wa tsafta a ciki. Kuma ai ba kason tarayya kaɗai ba ne, masu rasit suna zuwa shagona, suna zuwa wajen mai kayan miya da mai nama, ba su taɓa ɓatan hanya ba ko lungun ya kai ina. Abin mamaki mai karɓar haraji ya san ƙofar shagona amma mai kwashe shara bai san ta ba.

Kasuwanni kuwa ba sai na ja ba. Wanda ya shiga 'Yankaba ko 'Yan Lemo lokacin da kaya suka yi yawa ya san yadda ruɓaɓɓen tumatur da lemo suke taruwa, wanda ya bi bayan Singa da Sabon Gari ya ga kwali da leda. Wuraren da suka fi tara kuɗin shiga su ne ya kamata a ce sun fi ko'ina samun mota.

Abin da ya fi tayar min da hankali damina ce ke tafe. Ba mu manta da 2022 ba da ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, ni da nake sayen yadi a can na ga 'yan kasuwa suna shanya dila dila kamar masu wanki, manya da gemunsu suna hawaye. Wancan an gani a talabijin saboda Kwari ce. Na lungu ba mai ɗauka. Gidan ƙasa ya sha ruwa ya zauna, masai ta cika ta haɗu da ruwan kwata ta gangara rijiya, bayan sati biyu a fara amai da gudawa ana ɗaukar mutane zuwa asibitin Zana, sauro kuwa ya samu gidan haya kyauta, duk gidan da ka shiga da mai zazzaɓi a kwance. Kuɗin da magidanci yake kashewa a allura da ƙarin ruwa a damina ɗaya ya fi abin da za a ce ya bayar na shara a shekara. Sai abu ya faru a zo jaje da buhun shinkafa da katifa da masu ɗaukar hoto, ihu bayan hari. Kuma duk ledar da ta bar lungunmu ba ɓacewa take ba, rafin Jakara take gangarawa ta je ta toshe wa na gaba.

To laifi tudu ne, ba zan taka namu in hango naku kaɗai ba. Mu ma muna da halinmu. Akwai masu jiran a fara ruwa su fito da shara su juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Akwai mai shan fiya wata a cikin mota mai tsada ya sauke gilashi ya wurgo ledar. Akwai mai gini da zai sauke yashi a kan magudanar ruwa ya bar shi wata uku, da mai shago da zai daɓe kan kwata da siminti ba ko ƙofar yashewa. Ni kaina ƙyallayen da nake yankewa da can a kwata suke ƙarewa, sai da na shiga cikinta da ƙafata na ga yadda suke naɗe leda suna zama kamar igiya sannan na samu buhu nake tarawa, masu yin filo suna zuwa su karɓa. Muna faɗar tsafta cikon addini a baki, a aikace kuwa sai a hankali. Amma mutum ba ya jin wa'azin kar ka zuba a nan sai an nuna masa inda zai zuba.

Kakata tana ba mu labarin duba-gari, ta ce idan aka ce ga shi nan ya shigo unguwa har randa ake wankewa don zai leƙa ciki, ya duba masai ya duba makwararar ruwa, kuma ba a yi masa musu. Yanzu ma akwai ma'aikatan lafiyar muhalli a ƙananan hukumomi, makarantar koyon aikin tsafta tana nan cikin Kano tana yaye ɗalibai, amma ni dai rabon da in ga wani ya shigo lungunmu duba tsafta har na manta.

Abin da muke roƙo ba mai yawa ba ne. Kafin komai ku ba mu rana. Kowace mazaɓa a san ranar da mota take zuwa, a faɗa a masallaci a faɗa a rediyo a liƙa a ƙofar gidan mai unguwa, ko sau ɗaya ne a mako mun yarda in dai ba za a saɓa ba. Ranar tsaftar ƙarshen wata kuma kar a ce mu fito sai an tanadi motar da za ta kwashe a ranar ko washegari, idan babu mai a faɗa mana gaskiya mu bar dattin a inda yake, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku zauna da masu unguwanni da dagatai a fitar da wurin zuba shara a kowace unguwa, a kewaye shi da bulo ko a ajiye kwantena, a yi masa takarda da sunan jama'a yadda gobe wani ba zai wayi gari ya ce filotinsa ne ba. Waɗanda suka rage ba a sayar ba a taimaka a bar mana su.

Lungun da tifa ba ta shiga a sayi ƙananan babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya da baro, a ɗauki matasan unguwar aiki su riƙa fitowa da shara bakin titi. Ga su nan zaune a majalisa ba aikin yi, kuma su ne dai suke shiga kwatar kyauta. A ba su takalmin roba da safar hannu, a biya su a kan lokaci ba sai sun bi wata uku ba. Mutane za su yarda su ba da wani abu duk mako in sun ga aiki, ai yanzu ma suna biyan almajirai da masu baro, kuɗin yana fita, tsari ne babu. Kuɗin fenti da allon sanarwa mai hoton ciyaman da ake kafawa a shataletale da an juya shi nan da ya sayi baro ɗari.

A yashe manyan magudanan ruwa da kwalbatoci tun kafin ruwan farko ba sai Agusta ba, mu za mu ji da ƙananan na lungu in an ba mu kayan aiki. Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa a sa shi ya buɗe ko waye shi, kar a rushe na mai shayi a bar na Alhaji.

A dawo da duba-gari, amma bayan an yi waɗancan, ba kafin ba. Ranar da aka ba ni wurin zubawa da ranar kwashewa, idan aka kama ni ina juye shara a kwata a ci ni tara, ba zan kai ƙara wajen kowa ba.

Akwai kuma abin da nake ganin ana asararsa. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano da sharar birni suke takin gonakinsu, jakuna su shigo da itace su koma da taki a mangala. Har gobe akwai manoman da suke biyan direban tifa ya juye musu bola a gona, sai dai yanzu leda ta ɓata abin, gona sai ta koma kamar an shuka leda, dabba ta ci ta kumbure ta mutu. 'Yan gwangwan da 'yan jari bola kuma suna nan suna tsince ƙarfe da roba suna kaiwa ana auna musu a kilo, ba wanda ya ɗauke su aiki amma suna rage wa garin nan kaya mai yawa. Idan an yi musu rajista, an san su, an ba su gefe a wurin zuba shara suna ware leda da roba, abin da ya rage manomi zai saya da murna, ɓata-garin da suke fakewa da sana'ar suna cire wa mutane ƙofa da murfin kwalbati su ma a gane su.

Na ƙarshe, ku liƙa mana a sakatariya abin da aka ware wa tsafta a kasafin bana da abin da aka kashe, mazaɓa mazaɓa. Kansila kuma ya riƙa zama da mu ko sau ɗaya a wata uku, ba sai lokacin kamfen ba.

Asabar ɗin ƙarshen watan nan in Allah ya kai mu za mu sake fita, na lallashi yaran sun ce za su gwada sau ɗaya tak. Wanda kwalba ta yanka ma ya ce zai zo ko tura baro ya yi. Za mu tsibe a wuraren nan uku da muka saba, ɗaya daf da masallaci. Na bai wa kansilanmu lambar wayata a rubuce, na kuma bai wa mai unguwa, duk direban da aka turo ya kira ni zan fito bakin titi in nuna masa hanya.

Na gode da haƙurin karantawa, Allah ya ƙara wa Kano albarka.

Naku,
wani tela, ma'ajin ƙungiyar aikin gayya, a madadin mutanen lungunmu.